Atiku da Wike a 2022: Arewa ce ta yi zaɓi ko gwamnoni ne suka yi mata?

Baban Walida (Zariya): Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i muka kafa musu da maƙwabcina a majalisa, har mai shayi ya kwashe kayansa ya bar mu a wurin. Shi ya dage cewa a zaɓen fidda gwanin takarar shugaban ƙasa na PDP na 28 ga Mayun 2022 Arewa ce ta haɗa kai ta kayar da Wike, gwamnan Ribas na lokacin, ni kuma na ce ban yarda ba. Na kawo maganar nan don akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar.

Ga abin da aka sanar a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja: Atiku 371, Wike 237, Saraki 70, Udom Emmanuel 38, Bala Mohammed 20, Anyim 14, Sam Ohuabunwa 1. An ɗauko daliget ne ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma. Arewa, har da Abuja, tana da ƙananan hukumomi 419, Kudu tana da 355. To ku haɗa ƙuri'un 'yan takarar Arewa uku, Atiku da Saraki da Bala, za ku samu 461. Sun zarce yawan daliget ɗin Arewa gaba ɗaya. Ke nan ko da a ce babu ɗan Arewa ko ɗaya da ya zaɓi Wike, sai da 'yan Kudu suka zo suka ƙara. Alhali kowa ya san gwamnan Binuwai na lokacin, Samuel Ortom, yana tare da Wike, kuma Binuwai a lissafin Arewa take, da ƙananan hukumominta 23. Ta ina wannan ya zama Arewa da Kudu?

Basakkwace: Wa alaikumus salam Malam. Lissafinka ya yi kyau a takarda, amma mu da munka zauna gaban talabijin a daren nan mun ga abin da ya faru. Kafin Tambuwal, gwamnan Sakkwato na lokacin kuma ɗaya daga cikin 'yan takara, ya koma kan mumbari, hankalin mutanen Atiku a tashe yake, kowa ya ga alama Wike ya shirya. Da ya ce ya janye, magoya bayansa su zaɓi Atiku, nan take filin ya ruɗe. Shugaban jam'iyya na lokacin Iyorchia Ayu da bakinsa ya kira Tambuwal gwarzon taron. In ba haɗin kan Arewa ba ne wannan, mi ne ne?

Baban Walida: Ban musa cewa janyewar ta yi tasiri ba. Amma tazarar da ke tsakanin Atiku da Wike 134 ce, Sakkwato kuma daliget 23 gare ta. Ko ka ƙara masa jihohi uku ko huɗu masu irin wannan yawan, ba za ka cike gurbin ba. Sannan in da Arewa ta yi magana da murya ɗaya, me ya hana Saraki da Bala janyewa? Duba ƙuri'ar Bala, wanda yake gwamnan Bauchi a lokacin, 20 cif, ƙananan hukumomin Bauchi kuma 20 ne cif. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wanda daliget yake bi.

Basakkwace: Bala da Saraki suna da nasu dalili. Ka tuna a watan Afrilu Farfesa Ango Abdullahi ya sanar da su biyun a matsayin 'yan takarar maslaha na Arewa, Tambuwal ya ce bai aminta ba. Mutum ba ya janyewa bayan an ce shi dattawa sunka tsayar.

Ɗan Tudun Wada: Ai ka ƙarfafa hujjar Baban Walida ne ba ka sani ba, Basakkwace. Mutum huɗu suka shiga wannan maslahar, Saraki, Tambuwal, Bala da Mohammed Hayatu-Deen. Atiku bai shiga ba. Wanda dattawan Arewa ba su tsayar ba shi ya ɗauki tikitin, waɗanda suka tsayar su biyu suka tashi da ƙuri'a 90.

Bari in ƙara wani abu da mutane ke mantawa. Abin da ya sa daliget ba su kai 800 ba a ranar, dokar zaɓe ce ta 2022. Sashe na 84(8) ya ce zaɓaɓɓun daliget ne kaɗai za su kaɗa ƙuri'a. Da can akwai waɗanda muƙaminsu ke ba su dama kai tsaye: gwamnoni, sanatoci, 'yan majalisa, tsofaffin masu muƙami, shugabannin jam'iyya. Majalisa ta farga daga baya ta yi gyara cikin gaggawa, Buhari bai sa hannu ba har aka gama zaɓukan fidda gwani. A 2018 a Fatakwal daliget sun haura 3,000, Atiku shi kaɗai ya samu 1,532. A 2022 mutum 767 aka tantance. Sanata in ya ga dama zai iya bijire wa gwamna, don yana da nasa ƙarfin. Amma mutum ɗaya da aka ɗauko daga ƙaramar hukuma, wanda sunansa ya bi ta hannun shugaban jam'iyya na jiha, wanda shi kuma yaron gwamna ne, wa kake jin zai saɓa wa?

Maman Sadiq (Kano): Malam Allah ya saka da alheri, tambayar da ke raina ke nan. Ni shekara da shekaru ina riƙe da katin jam'iyya, ba sai na faɗi wacce ba. Mu ne ake kira in za a yi taro, mu ɗaura atamfar anko, mu tara mata a mazaɓa, mu yini a rana. Wallahi ban taɓa ganin ranar da aka tara mu aka ce ga masu neman daliget, ku zaɓa ba. Sai dai ka ji ana cewa sunaye sun tafi Abuja. Ranar da na tambayi shugaban mazaɓarmu wa aka tura, sai ya ce Hajiya ki bar maganar nan, daga sama aka turo. Shi ya sa in na ji an ce Arewa ta zaɓi wane a fidda gwani nake tambaya, wace Arewar? Ni dai ba a tambaye ni ba, kuma ban san wadda aka tambaya ba a unguwarmu.

Tsohon Direba: Hajiya gaskiyarki. Ni na taɓa kai daliget Abuja a irin wannan zaɓe, ba zan faɗi jam'iyya ko jiha ko shekara ba don akwai amana. Motoci shida muka tashi bayan asuba a jere. Da muka isa aka sauke su a otal ɗaya, aka sa mutum biyu a ƙofa, ba mai fita shi kaɗai, ba baƙon da zai shiga sai da izinin jagora. Mu direbobi a cikin mota muka kwana biyu. Akwai wani dattijo a cikin waɗanda na ɗauko, manomi ne, mutumin kirki, da buta da dadduma ya zo. A hanyar zuwa ya ce min shi zuciyarsa tana wajen wani ɗan takara, har yana ba ni labarin yadda ya taɓa ganinsa a garinsu. Daren zaɓe aka tara su a ɗaki ɗaya aka faɗa musu sunan da za su rubuta, ba wanda yake so ba ne. A hanyar komawa tun daga Zuba har muka wuce Kaduna bai ce uffan ba. Da muka tsaya sallah na ce Baba yaya aka yi, sai ya ce yaro, wanda ya kawo ka shi zai mai da kai gida.

Maman Sadiq: Allah sarki. Shi kuma a lissafi za a ce jiharsa ta zaɓi wane.

Ɗan Tudun Wada: Ga batun kuɗi kuma. Fom ɗin takara kaɗai naira miliyan 40 ne a PDP, miliyan 100 a APC. Hayatu-Deen da zai janye kafin a fara zaɓe, dalilin da ya bayar shi ne an mayar da takarar ta masu kuɗi. Har jami'an EFCC sai da suka je filin a ranar.

Kawu na Jos: Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, bari tsoho ya sa baki. Yarana, wannan abin ba a 2022 ya fara ba. A nan garin Jos a watan Maris na 1993 aka yi taron SDP, Abiola da Babagana Kingibe da Atiku. Atiku ne ya zo na uku a zagayen farko, ya janye wa Abiola, mutanen marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa suka juya ƙuri'unsu, Abiola ya kayar da Kingibe ɗan Borno. Abin da Tambuwal ya yi wa Atiku, shi Atiku ya taɓa yi wa wani, kuma wancan karon ɗan Kudu ne ya amfana, ɗan Arewa ya faɗi. A 1999 ma a nan Jos manyan Arewa ne suka tsaya wa Obasanjo a kan Alex Ekwueme.

Amma wanda ya fi dacewa da musunku shi ne na Janairun 2011. A wancan lokacin babu shakka an yi maganar Arewa da babbar murya. Kwamitin marigayi Malam Adamu Ciroma ya zauna ya tace tsakanin Babangida, Aliyu Gusau, Saraki da Atiku, ya fitar da Atiku a matsayin ɗan takarar Arewa don ya kara da Jonathan. Hujjarsu mai ƙarfi ce, Shugaba Umaru 'Yar'aduwa ya rasu a Mayun 2010 bai ƙarasa ko wa'adin farko ba. Aka je dandalin Eagle Square, jiha-jiha ake ƙirga akwati a gaban kowa. Jonathan 2,736, Atiku 805. Har a Adamawa Jonathan ne ya yi nasara, saboda Gwamna Murtala Nyako yana tare da shi. Katsina, Jigawa, Bauchi, Kaduna, mafi yawan daliget ɗinsu suka bi gwamnoninsu. Bayan wata uku aka zo zaɓen gama-gari, talakawan waɗannan jihohi huɗun suka fito suka zaɓi Buhari a CPC, ya ci jihohi 12 na Arewa. Na ga wannan da idona, kuma tun daga ranar na daina ɗaukar ƙuri'ar daliget a matsayin ra'ayin jama'ar jiha.

Baban Walida: Kawu Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan misalin na 2011 shi zan kai wa maƙwabcina yau da daddare.

Basakkwace: Kawu na gode, na ƙaru. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke cikin zuciyar mutanenmu, don ba lissafi kaɗai ba ne. A cikin shekara 16 da PDP ta yi tana mulki, Obasanjo ya yi takwas, Jonathan ya yi biyar, Arewa shekara ukun 'Yar'aduwa kaɗai ta samu, ƙarshensu ma yana jinya. In karɓa-karɓa a cikin jam'iyya ake yi, ai Arewa ke bin bashi. Kwamitin da anka kafa kan batun, Ortom ne ya shugabance shi, mutumin Wike, kuma a ƙarshe jam'iyya ta bar ƙofa a buɗe ga kowa. Wike ya shiga zaɓen da sanin haka. Ya faɗi, sai ya ce an zalunci Kudu?

Mai Gwanjo (Fatakwal): Ɗan uwa, ni shekarata 19 a garin nan ina kasuwa, bari in gaya maka yadda ake kallon abin daga nan. Mutumin Kudu ba ruwansa da lissafin cikin jam'iyya. Abin da ya sani shi ne Buhari ɗan Katsina zai gama shekara takwas, kuma ana so wani ɗan Arewa ya karɓa. Gwamnonin Kudu 17, na APC da na PDP da na APGA, sun zauna a Legas a Yulin 2021 sun ce mulki ya dawo Kudu. Wannan maganar ta shiga ran mutane sosai, a mota, a kasuwa, a ko'ina ita ake yi. Mu da muke zaune a cikinsu mu ne muke shan tambaya, aboki me ya sa ba kwa son sakin mulki.

Sannan maganar Tambuwal. A 2018 a nan garin aka yi taron, kuma Wike ne ya tsaya wa Tambuwal tsayin daka a kan Atiku, ya zo na biyu da 693. Bayan shekara huɗu mutumin da ka goya ya hau mumbari karo na biyu, bayan an gama jawabai, ya miƙa wa abokin karawarka. Ku a can kuka kira shi gwarzo, a nan cin amana ake kiransa. Ni ba mai son halin Wike ba ne, bakinsa ba linzami, amma ba zan ce ba shi da abin jin haushi ba.

Basakkwace: To ai siyasa ce Alhaji. Wike ya goyi bayan Tambuwal a 2018 don lissafin kansa, ba don Allah ba.

Mai Gwanjo: Na yarda. Amma ka ga ka dawo kan maganar Baban Walida, lissafin mutum ɗaya ne da wani mutum ɗaya, ba na yanki ba. Kuma ka duba Delta. A Asaba gwamnonin Kudu suka zauna a Mayun 2021, Okowa, gwamnan Delta na lokacin, ne mai masaukin baƙi. Shi ne kuma ya zama mataimakin Atiku a watan Yuni na 2022. Udom, gwamnan Akwa Ibom na lokacin, ya ƙi janye wa Wike alhali maƙwabta ne, ya riƙe 38 ɗinsa, daga baya ya zama shugaban kwamitin yaƙin neman zaɓen Atiku. Kudun ma ba ta tsaya wa Wike da murya ɗaya ba. 'Yan takararta duka sun haɗa 290 ne, ƙasa da yawan daliget ɗinta.

Auta: Yayyena ina da tambaya, ni lokacin ina makaranta ban bi abin sosai ba. In har daliget gwamnoni suke bi, ya aka yi a APC ɗan Kudu ya ci, alhali gwamnonin Arewa sun fi yawa a cikinta?

Ɗan Tudun Wada: Ƙanena ai amsar tana cikin tambayarka. Kwana kaɗan bayan na PDP, gwamnonin APC na Arewa suka fito suka ce mulki ya koma Kudu. Shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya sanar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha, suka ƙi. Badaru na Jigawa ya janye wa Tinubu. Aka ƙirga, Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan ɗan Yobe 152. Ƙananan hukumomin nan dai su ne, mutanen cikinsu su ne. A cikin kwana goma sha ɗaya daliget ɗin Arewa na wata jam'iyya suka ba ɗan Adamawa, na wata suka ba ɗan Legas. Ra'ayin talakan Gumel ko na Funtuwa bai canja a kwana goma sha ɗaya ba.

Maman Sadiq: Kuma da aka zo wurin da mu ake tambaya, ai an ga amsa. A Kano Kwankwaso ya samu 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716. Jihar da ta fi kowace yawan daliget ke nan, 44. Ni ina layin mata a rumfarmu tun ƙarfe takwas, ba wadda na ji tana maganar abin da ya faru a filin wasa na Abuja. Maganar tsadar masara ake yi da wahalar canjin kuɗi, don lokacin ko naira dubu ba ka iya cirowa a banki.

Baban Walida: Hajiya kin taɓo inda ya fi yi min ciwo. Kwankwaso ya bar PDP tun watan Maris ya koma NNPP. Peter Obi ya fita ana saura kwana kaɗan a yi fidda gwani, don ya ga ba shi da gwamnan da zai tara masa daliget. Mutumin da ba a ga zai kai labari a gaban mutum 767 ba, shi ya zo ya samu ƙuri'a miliyan 6.1, ya ci Delta jihar Okowa, ya ci Legas. Atiku miliyan 6.98, Tinubu miliyan 8.79, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Atiku da Obi da Kwankwaso, dukansu ukun nan a farkon 2022 jam'iyya ɗaya suke. A Arewa maso Yamma da ake cewa ita ta ba Atiku tikiti, ya ci Kaduna, Katsina, Kebbi da Sakkwato, Tinubu ya ɗauke Jigawa da Zamfara, Kwankwaso ya ɗauke Kano.

Basakkwace: Ai ga shi Sakkwato ta cika alkawari. Zagon ƙasan Wike da gwamnoninsa huɗu ne ya kayar da Atiku, ba rashin goyon bayan Arewa ba.

Mai Gwanjo: Ya yi tasiri, Ribas da Oyo da Binuwai duk Tinubu aka ce ya ci. Amma ka duba yadda su ma jama'arsu suka yi da su. Ortom, Ugwuanyi na Inugu da Ikpeazu na Abiya duk sun nemi sanata, duk sun faɗi. Gwamna yana iya kulle daliget 20 a otal, ba ya iya kulle jiha. Makinde na Oyo ne ya koma kujerarsa, Wike kuma ya zama ministan Abuja.

Ɗan Zango (Kumasi): Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina bin ku tun ɗazu. Mu ma a Gana mun ga irin wannan a jam'iyyar NPP a Nuwamban 2023, tsakanin Dakta Mahamudu Bawumia ɗan Walewale da Kennedy Agyapong. Bambancin shi ne daliget ɗinmu sun kai wajen dubu ɗari biyu, tun daga shugabannin rumfar zaɓe, kuma kowa a mazaɓarsa yake kaɗa ƙuri'a, ba a kwashe su zuwa Accra ba. Bawumia ya samu kashi 61 cikin ɗari, Agyapong 37. Bawumia ɗan Arewa ne Musulmi amma ya ci yankin Ashanti, cibiyar jam'iyyar. A nan ma ana ƙorafin kuɗi, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai in mutane suka yi yawa haka, ana iya duba sakamakon kowane yanki a ce ga inda 'yan jam'iyya suka karkata.

Maman Sadiq: To ai abin da nake so ke nan. A yi 'yar tinƙe, ƙato bayan ƙato, duk mai kati ya fito ya tsaya a bayan wanda yake so. A ƙirga mu a rumfa.

Ɗan Tudun Wada: Hajiya, majalisa ta taɓa sa wannan a doka, cewa dole kowace jam'iyya ta yi 'yar tinƙe. Buhari ya mayar da ƙudirin a Disambar 2021, aka gyara aka ba jam'iyyu zaɓi uku a dokar 2022: 'yar tinƙe, daliget ko maslaha. Ni ina goyon bayanki amma da sharaɗi. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe, Buhari shi kaɗai ne ɗan takara, aka sanar da ƙuri'a miliyan 14.8. A zaɓen gama-gari na 2019, da 'yan jam'iyya da waɗanda ba 'yan jam'iyya ba, miliyan 15 da 'yan kai ya samu. In babu rajistar 'yan jam'iyya ta gaskiya da kowa zai iya dubawa, wanda yake rubuta sunan daliget shi zai rubuta sakamakon layi.

Kawu na Jos: Mun yi ƙato bayan ƙato a zamanin Babangida, yarinyata. Yana da kyau, amma ka tsaya a layi mai gidan da kake haya yana kallon bayan wanda ka tsaya, shi ma akwai nasa nauyin.

Maman Sadiq: Na ji Kawu, kuma na san akwai wannan. Duk da haka gara in tsaya a rana mai gida yana kallona da a ce an tafi Abuja da sunana ban san wanda ya tafi ba.

Basakkwace: Ni dai har yanzu ina kan bakata cewa ba don Tambuwal ya janye ba, da Wike ne ɗan takara, kuma da yawan daliget ɗin Arewa a daren nan sun ji a ransu cewa nasu sunka zaɓa. Amma na karɓi maganar Bauchi da ƙuri'a 20, wannan ba ni da amsarta.

Baban Walida: Na gode Basakkwace. Tsohon Direba, in ba damuwa, dattijon nan da ka ɗauko, ya sake zama daliget bayan wannan?

Tsohon Direba: A'a Malam. Da lokaci ya zagayo an sake neman sa, ya ce a ba wani, shi gonarsa ta ishe shi. Ɗan ƙanensa aka tura, kuma ni na kai shi.